Tambaya da Amsa: Kafin a Ce a Yi wa Kwamfuta Fomat

Assalamu alaikum, masu karatu. Da na baje wasiƙun da suka taru tun fitowar da ta gabata, sai na ga da yawansu suna ɗauke da kalma ɗaya, wato fomat, ma'ana goge abin da ke cikin kwamfuta a sake zuba mata manhajoji daga farko. Wannan an yi wa tasa, wancan an ce masa babu makawa sai an yi, wata kuma tana tambaya ko za ta iya yi da kanta. Na zaɓi guda biyar daga ciki, na taƙaita su saboda ƙarancin fili, kuma na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Malam, ina da kwamfutar tafi-da-gidanka wadda na yi shekara biyar ina aiki da ita. Yanzu idan na kunna ta sai na yi ta jira kafin ta buɗe, idan kuma na buɗe shafuka da yawa a intanet sai ta tsaya cik, fankarta na ta ƙugi. Sau biyu ina kai wa mai gyara yana yi mata fomat, ta yi sauri na 'yan makonni, sannan ta koma gidan jiya. Yanzu ya ce sai dai in sayi sabuwa. Shin tata ta ƙare ke nan?

Amsa: Ɗan'uwa, ban ga alamar tata ta ƙare ba, abin da na gani shi ne ana ta ba ta magani ba tare da an gano ciwon ba. Domin mu fahimci juna, ka ɗauki magini yana aiki a saman gini. Maginin shi ne furosesa, wanda yake yin lissafi da duk wani aiki. Katakon da yake tsaye a kai, inda aka jera masa bulo da kwaɓaɓɓen siminti, shi ne RAM. Siton da ke can ƙasa kuma, inda kayan gini suke kwana, shi ne ma'ajiyar kwamfuta. Komai ƙwarewar magini, idan katakonsa ƙarami ne, dole ya riƙa dakatawa yana jiran a hauro masa da kaya, wani lokaci ma sai ya mayar da wasu ƙasa kafin ya sami wurin ajiye sababbi. Haka babbar manhaja, wato wadda take tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya irin su Windows, take yi idan RAM ya cika: takan ɗebi abin da ba a taɓa ba na ɗan lokaci ta kai ma'ajiya, idan aka buƙace shi ta sake ɗauko shi. Wannan safa da marwa shi ne abin da kake gani a matsayin tsayawa cik.

Tazarar saurin da ke tsakanin sassan biyu ba ƙarama ba ce. RAM yana miƙa wa furosesa abin da ya nema cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa. Tsohuwar ma'ajiya irin ta hadis (hard disk) kuwa faifai ne na gaske a ciki, yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani siririn hannu da ke kai-komo a kansa, kuma kafin hannun ya isa inda bayanin yake sai an ci kusan kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa. Sabuwar ma'ajiya ta SSD ba ta da wani abu mai motsi a cikinta, shi ya sa take ninka hadis sauri sau da yawa wajen nemo ƙananan fayiloli, waɗanda su ne babbar manhaja take yawan nema lokacin kunnawa.

Ga yadda za ka gano inda matsalar take ba tare da ka kwance ko da noti ɗaya ba. Lokacin da kwamfutar ta fara nauyi, ka danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai buɗe. Ka duba alƙaluma uku: na furosesa, na RAM, da na ma'ajiya. Idan ka ga RAM ya kusa cika, ma'ajiya ta maƙale a kashi 100, furosesa kuwa yana zaune ba ya wani aikin kirki, to maginin lafiyarsa ƙalau, kaya ne ba sa iso masa. Maganin wannan shi ne ƙara RAM da sauya hadis da SSD, kuma a ganina babu wani gyara da ke farfaɗo da tsohuwar kwamfuta kamar wannan sauyi na biyu. Sai dai ka tabbatar da irin RAM ɗin da taka take ɗauka, domin DDR3 da DDR4 da DDR5 ba sa shiga gurbin juna, kowanne da inda aka yi masa tsaga, kuma akwai kwamfutocin da aka liƙe RAM ɗinsu a jikin madabod, wato babban allon da sassan kwamfuta suke haɗe a kansa, waɗanda ba a iya ƙara musu.

Abin da ya sa fomat yake ba ka sauƙi na ɗan lokaci kuwa shi ne yana share tarin manhajojin da ke tashi da kansu duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Da ka sake zuba su, sai nauyin ya dawo. A cikin Task Manager ɗin nan akwai sashen da ke nuna su ɗaya bayan ɗaya, kuma kana iya hana waɗanda ba ka buƙata tashi cikin minti biyu, ba tare da ka rasa fayil ko ɗaya ba.

Ƙugin fankar da ka ambata ya sa ina zargin abu na biyu, wato zafi. Furosesa yana da ma'aunin zafi a cikinsa, kuma idan ya doshi digiri 90 zuwa 100 a ma'aunin Salsiyas sai ya rage wa kansa gudu don kada ya ƙone, idan abin ya ci tura ya kashe kwamfutar gaba ɗaya. Na taɓa buɗe wata da mai ita ya rantse bairos ne ya kama ta. Da na ɗaga fankar, sai ga ƙura ta dunƙule tsakaninta da haƙoran ƙarfen da iska ke bi ta fita, ta zama kamar guntun bargo mai kauri, har na zare ta da ɗan hantsaki a dunƙule ba ta wargaje ba. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi kuma ya bushe ya farfashe kamar tsohon fenti. Aka goge, aka shafa sabo, ƙugin ya tsaya. Babu fomat ɗin da zai iya cire wannan bargo. Ka daina ɗora ta a kan katifa ko matashi, domin ramukan shan iskarta galibi a ƙasa suke.

Akwai kuma wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Tun daga Windows 8, idan ka danna Shut down, kwamfutar takan adana zuciyar babbar manhaja a ma'ajiya domin ta tashi da sauri gobe, wanda ke nufin idan akwai wata tangarɗa a ciki, da ita za ta kwana kuma da ita za ta tashi. Restart ne yake wanke komai ya fara daga tushe, don haka ka riƙa yin sa lokaci zuwa lokaci.

Gargaɗi ɗaya kafin in bar ka. Idan ka sa kunne ka ji hadis ɗin yana ƙas-ƙas, ko fayiloli suna ƙin buɗewa, ka ajiye maganar sauri ka kwafe kayanka a ranar. Ni kaina na taɓa jin wannan ƙara na ce sai ƙarshen mako, kafin ƙarshen makon ya zo faifan ya tafi da rubuce-rubucen da har yau ban sake haɗa su ba. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suke bi ita ce kwafi uku na duk abu mai muhimmanci, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki kuma a wani wuri dabam da inda kwamfutar take.

Tambaya: Na sayi ma'ajiyar waje da aka rubuta terabait 1 a kwalinta, amma da na jona ta sai kwamfuta ta nuna gigabait 931. An cuce ni ne?

Amsa: Ba a cuce ka ba, Malam, mudu biyu ne ake awo da su. Kamfanonin da ke ƙera ma'ajiya suna ƙirga dubu-dubu, don haka terabait 1 a wurinsu bait 1,000,000,000,000 ne. Windows kuwa tana ƙirga 1,024 a kowane mataki, saboda lissafin kwamfuta a kan ninkin biyu yake tafiya. Idan ka raba wancan adadi da 1,024 har sau uku, 931 za ka samu, kamar yadda mai gigabait 500 take nuna 465. Kwamfutocin Apple sun koma ƙirgan dubu-dubu tun 2009, shi ya sa ma'ajiya ɗaya za ta iya nuna adadi biyu a kwamfutoci biyu. Don ka ji daɗin abin da ke hannunka, hadis na farko da kamfanin IBM ya fitar a 1956 faifai 50 ne a jere, kowanne faɗinsa inci 24, kuma duka abin da yake ɗauka bai wuce kimanin megabait 5 ba. Inda ake cuta ta gaske shi ne filashin jabu da aka yi wa dabara ya riƙa nuna girman da ba shi da shi, wanda za a zuba masa kaya ya karɓa, a zo buɗewa a tarar babu komai.

Tambaya: Ni ce nake kula da kwamfutoci shida a wani ƙaramin ofis, ko da yake ba fannina ba ne. Sau da yawa alamar Wi-Fi takan cika taf amma shafuka su ƙi buɗewa. Wani abokin aiki ya ce in soka tsinke a ramin da ke bayan rawuta, wato na'urar da ke raba mana Wi-Fi, in mayar da ita sabuwa. In yi?

Amsa: Malama, kada ki yi tukuna. Wannan ɗan rami shi ne fomat na rawuta: zai goge sunan netwok ɗinku da kalmar sirri, wani lokaci har da bayanan da kamfanin intanet ya saka mata, ki wayi gari kin ƙara wa kanki aiki. Cire ta daga wuta na rabin minti a mayar abu ne dabam, kuma ba ya goge komai.

Alamar Wi-Fi da kike gani ba ta ba ki labarin intanet, tana gaya miki ƙarfin siginar da ke tsakanin kwamfutarki da rawuta ne kawai, wato zangon farko na doguwar tafiya. Bayan shi akwai zango daga rawuta zuwa kamfanin da ke ba ku intanet, daga nan zuwa wasu manyan cibiyoyi, sau da yawa ta cikin wayoyin gilashi da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, har a isa saba, wato babbar kwamfutar da shafin yake zaune a kai. Aikinki shi ne ki gano a wane zango aka tsaya, kuma ana bin su ne daga na kusa zuwa na nesa.

Ki fara da tambayar ko kwamfuta ɗaya ce abin ya shafa ko duka shidan, domin idan ɗaya ce, rawuta ba ta da laifi. Daga nan ki buɗe baƙin allon umarni na Windows, wato Command Prompt, ki rubuta ipconfig. Kowace na'ura a netwok tana buƙatar lambar adireshi, kuma rawuta ce take raba su kai tsaye ga duk wanda ya shigo. Idan kika ga lamba mai farawa da 192.168, an ba ki adireshi, kuna gaisawa da rawuta. Idan kuwa kika ga mai farawa da 169.254, kwamfutar ta nemi adireshi ba a amsa mata ba, sai ta laƙaba wa kanta, kuma da wannan lamba ba za ta je ko'ina ba. A nan matsalar tana cikin ofishinku.

Idan adireshin daidai yake, ki rubuta ping 8.8.8.8, wanda wata sabar Google ce da aka san ta da amsawa. In babu amsa, hanyar da ke tsakanin rawuta da kamfanin intanet ce ta yanke, ko kuma datarku ta ƙare, sai ki kira su. In kuwa amsa tana dawowa amma shafuka sun ƙi buɗewa, to kin kama ɓarawon, wato DNS. Kwamfutoci ba su san sunayen shafuka ba, lambobi suka sani, kuma DNS ne yake karɓar sunan da kika rubuta ya mayar da shi lamba. A farkon zamanin intanet, fayil ɗaya ne tak yake ɗauke da sunayen dukan kwamfutocin da ke haɗe, ana kula da shi a wata cibiyar bincike da ke Kalifoniya a Amurka, kowa yana kwafa daga can. Da abin ya fi ƙarfin fayil ɗaya, sai Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983, shekarar da netwok ɗin ARPANET, wanda intanet ta samo asali daga gare shi, ya koma kan ƙa'idojin TCP/IP da ake amfani da su har yau. Idan sabar DNS ta kamfaninku tana da tangarɗa, kina iya sauya ta a saitin rawuta zuwa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 ta kamfanin Cloudflare.

Tun da kin ce ofis ne, bari in ƙara miki abin da ba ki tambaya ba. Yawancin rawutoci suna watsa sigina a kan tashoshi biyu, gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Ta farko ta fi nisa da ratsa bango, amma cunkoso ya yi mata yawa, domin rawutocin maƙwabta da na'urorin Bluetooth har da na'urar ɗumama abinci duk a nan suke. Ta biyu ta fi sauri da sarari, sai dai bango biyu ko uku sun isa su raunana ta. Ki ɗora rawutar a sama, a tsakiyar ofis, ba cikin kabad ko bayan ƙarfe ba. Duk kwamfutar da ba ta motsawa daga teburinta, ni dai shawarata a ja mata waya, domin wayar netwok tana kai sigina har mita 100 ba tare da ta damu da bango ko maƙwabci ba. Kuma idan kamfani ya ce yana ba ku megabit 20 a daƙiƙa, kada ki yi mamaki idan kika ga fayil yana sauka da megabait 2.5, domin bit takwas ne suke yin bait ɗaya.

Tambaya: Kwamfutata tana kan Windows 10, tana aiki lafiya, amma an ce an daina tallafa mata, kuma ta ƙi karɓar Windows 11. Mene ne hatsarin in ci gaba da ita a haka?

Amsa: Gaskiya ne, Microsoft ya dakatar da tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ko da yake ya buɗe wani shiri na ƙarin sabuntawar tsaro ga waɗanda suka yi rajista. Kwamfutarka ba za ta daina aiki ba, abin da ya tsaya shi ne toshe ɓarakar da ake ganowa. Babbar manhaja ita ce take tsakanin na'ura da sauran manhajoji, ita take raba wa kowa lokacin furosesa da gurbin RAM, ita take tsaron ƙofofin netwok, don haka ɓaraka a jikinta ɓaraka ce a gidan gaba ɗaya. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitoci a Birtaniya, tana neman kuɗin fansa, alhali kuwa Microsoft ya riga ya fitar da maganin ɓarakar da ta bi tun watan Maris. Waɗanda abin ya ci galibi waɗanda ba su sabunta ba ne.

Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana neman aƙalla RAM gigabait 4, ma'ajiya gigabait 64, furosesa na baya-bayan nan, da wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0. Ka sa wanda ya sani ya duba maka saitin BIOS, wato saitin da ake shiga tun kafin babbar manhaja ta tashi, domin a kwamfutoci da yawa TPM ɗin yana nan, a kashe kawai yake. Idan da gaske ba ta cika sharuɗɗan ba, ba na ba da shawarar dabarun tsallake su a kan kwamfutar da ake harkar kuɗi ko aikin ofis da ita. Hanyar da na fi natsuwa da ita ita ce Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubuta zuciyarta a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki da ke Finlan, kuma wadda a kanta aka gina Android ɗin da ke cikin wayoyi. Nau'o'i irin su Ubuntu da Linux Mint kyauta ne, suna samun sabuntawa, kuma ana iya gwada su daga filashi ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Sai dai ka fara tabbatar da cewa manhajojin da aikinka ya dogara a kansu suna da madadi a can, domin ba duka ne suke da shi ba.

Tambaya: Kullum na kunna kwamfutar teburina sai in ga agogonta da kwanan wata sun koma shekarun baya, shafukan intanet kuma suna ta cewa haɗina ba shi da tsaro. An ce bairos ne, sai an yi fomat.

Amsa: Malam, ba bairos ba ne, kuma matsalolin biyu tushensu ɗaya. A jikin madabod akwai wani ɗan batir mai kama da tsabar kuɗi, an rubuta CR2032 a bayansa, ƙarfinsa bolt 3, kuma shi yake riƙe agogon kwamfuta yana tafiya lokacin da aka cire ta daga wuta. Yakan yi shekaru kafin ya mutu, idan ya mutu kuma agogon sai ya koma ranar da aka saita masa tun daga masana'anta. Shafukan intanet masu tsaro kowanne yana da takardar shaida mai ɗauke da ranar fara aiki da ranar ƙarewa, kuma burauza tana auna waɗannan ranaku da agogon kwamfutarka. Idan agogon ya ce muna shekaru goma baya, a wurinta takardar ba ta ma fara aiki ba, shi ya sa take ƙin amincewa da ita.

Ka kashe kwamfutar, ka zare wayar wuta, ka taɓa ƙarfen akwatin da hannunka kafin ka taɓa wani abu a ciki domin ka sauke lantarkin da ke taruwa a jiki. Ka ɗan tura maƙallin da ke riƙe da batirin, zai ɗago da kansa. Ka saka sabo, gefen da ke da alamar tarawa yana kallon sama, sannan ka kunna, ka shiga BIOS ka gyara kwanan wata da lokaci sau ɗaya, ka adana saitin kafin ka fita.